Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Haƙorina da Fulotin Rigachikun

Assalamu alaikum jama'a. Makon jiya mun tsaya a inda mai gidan haya ya turo ejan da takardar ƙarin kuɗi, na kuma yi alkawarin ba ku labarin adashen da na shiga don in sayi fuloti. To ga shi, amma sai mun bi ta gidanmu na Tudun Wada tukuna, don duk rigimar daga can ta taso.

Baba ya shigo Kaduna yana saurayi, ya samu aiki a ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri, lokacin da masaƙa take masaƙa, tun daga KTL da aka buɗe a 1957 har su UNTL da masaƙar Arewa, ya ce in aka tashi aiki kekuna sai sun toshe hanya. Takardarsa ta firamare ce kawai. A 1975 kuɗin Udoji, wato ƙarin albashin nan, suka faɗo, aka fara da ma'aikatan gwamnati kamfanoni suka biyo baya, wasu suka sayi babur, wasu rediyo, wasu suka ƙara aure, shi kuwa ya nufi wajen mai unguwa aka auna masa fili da taku aka kafa turaku, shaidu suka sa hannu a takardar da aka yago daga littafin makaranta. Shi kenan fa. Ranar hutu abokan aiki su zo gayya a kwaɓa ƙasa a yi tubali, Umma ta dama musu kunu, ɗaki ɗaya ya tashi suka tare ko ƙyaure babu sai asabari, bayan shekaru aka ƙara ciki da falo aka yi shafen siminti. Bai kai talatin da biyar ba ya zama mai gida, kuma a gidan aka haife mu duka.

Ni kuma da digirina da bautar ƙasa da aikin ofis, ina neman arba'in, har yau haya. Ba wai ban yi ƙoƙari ba wallahi. Daga ranar 29 ga Mayun 2023 da aka ce tallafin mai ya tafi komai ya rikice, dala ta haura naira 1,500, buhun siminti a farkon 2024 ya wuce 10,000, gwamnati ta mayar da mafi ƙarancin albashi 70,000 wato buhu bakwai kenan in mutum bai ci abinci ba. Fili a cikin gari kuwa ko tambaya ba na yi, Malali da Unguwar Rimi na masu shi ne, irinmu sai Rigachikun ko can ƙarshen Rigasa ko bayan Millennium City, kuma ba zamanin takardar littafi ba ne, sai ka bi ta KADGIS, hukumar rajistar filaye ta jiha, ka ga filin na gaskiya ne, sai izinin gini daga hukumar tsara birane KASUPDA, ga la'adar dillali. Duk da haka na daure na shiga adashen ofis, ɗaukata ta kusa, na ga wani rabin fuloti a Rigachikun har mun yi magana da dillalin cewa zan kawo kafin alƙalami.

Sai haƙori. Na can ciki ne na tauna a dama, ya daɗe da kogo ina lallaɓa shi, in abinci ya shiga in sa tsinke, in ya motsa in tauna kanumfari ko in kuskure baki da ruwan gishiri mai ɗumi. Wani dare ya ce bai san wannan ba. Duk wanda bai taɓa ciwon haƙori ba dan Allah kar ya sa baki, ciwon har cikin ido da kunne, kunci ya kumbura, na tashi na zauna na kwanta na jingina kai da bango, matata Maman Ilham tana ta sannu har sannun ta fara ba ni haushi.

Da safe na je wani asibitin haƙori na kuɗi. Aka ɗauki hoto, likitar ta nuna min wani baƙin wuri a gindin haƙorin ta ce, Malam ka yi latti da ciko, ruɓar ta kai jijiya. Zaɓi biyu ne, ko a cire, kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, ko a kashe jijiyar a wanke ramin a cike sannan a sa masa hula, wannan kam jimilla ya haura 200,000 kuma sai an yi ta dawowa. Na ce Likita ai ina da katin inshora na ofis, ta duba ta ce wannan aikin ba ya ciki. Ban ga laifinta sosai ba gaskiya, kayan aikin duk da dala ake shigo da su, ga janareto yana shan dizal tun safe. Ta ƙara da cewa in aka cire aka bar giɓi maƙwabtansa za su riƙa karkatowa, na sama ya zazzago, nan gaba kashin kuɗin ya fi haka.

Na biya Tudun Wada da yamma na samu Baba a zaure. Da na faɗi kuɗin sai ya yi shiru yana motsa baki, ashe lissafi yake, ya ce, kai yanzu buhu ashirin na siminti za ka zuba a haƙori ɗaya? Je ka a fizge shi. Ya buɗe baki ya nuna min nasa, na gaba ƴan ƙalilan jajaye da goro, sai haƙorin Makka guda da yake ji da shi, can ciki dasashi ne zalla. Ya ce duk waɗannan da suka tafi ko sisi goma bai kashe musu ba, wani wanzami ya cire, wani da kansa ya faɗi a cikin tuwo, kuma ga shi a gidansa yake zaune ba mai turo masa ejan.

Ban iya musu da shi ba, mahaifi ne, amma ina kallonsa yana goga goro a magogin da Umma ta huda masa daga gwangwanin madara don ba ya iya ɓantara, kuma na san ko layya aka yi sai an daka masa naman ya zama dambu, tsire da rake kuwa ya manta rabonsa da su. Wannan ba ya cikin lissafinsa. Shi ma yana da tasa gaskiyar da ya ce su asuwaki suka tashi da shi, mu alawa da biskit da lemon kwalba, haƙoransa sun kai shi sittin kafin su fara zuba, nawa ga shi tun yanzu.

Na ɗauki adashen na kai wa likita. Dillali ya kira ya kira, daga baya ya ce Alhaji ka yi haƙuri wani ya biya, wanda ke kusa da shi ma an ƙara masa kuɗi.

Ranar Juma'a bayan masallaci Baba ya kira ni gefe, ya ce tunda na zaɓi haƙori, ga filin bayan gida inda tsohuwar rijiya take, in zo in tayar da ɗaki biyu in huta da haya. Na yi godiya har da durƙusawa. Ban san Yaya Babba ya riga ya sa ido a wajen ba, kuma ban gaya wa Maman Ilham cewa za ta koma gida ɗaya da surukarta ba tukuna. Abin da ta ce da ta ji, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.