Abin da gadon jinya ya koya mini game da motsa jiki

A shekarata ta farko a sashen gashin ƙashi, babu aikin da ya kai shawo kan majinyaci ya sauko daga gado ba ni wahala. Mutum an yi masa tiyata shekaranjiya, ɗinki yana yi masa zogi, 'yan'uwansa suna tsaye a kansa suna roƙon a bar shi ya huta, ni kuwa an turo ni in tsayar da shi ya taka zuwa bakin ƙofa ya dawo. A raina ina ganin su ne da gaskiya, domin ni ma na taso da ra'ayin cewa marar lafiya hutu kawai yake bukata. Sai da na yi watanni kafin na gane cewa kwanciyar tana da nata bashin, kuma jiki ne ke biyansa.

Wanda ya fara buɗe mini ido wani dattijo ne da ya haura shekara sittin, wanda ya shigo asibiti da ƙafarsa, amma matsalar da ta biyo bayan tiyata ta kwantar da shi kusan mako biyu. Ranar da aka ce ya miƙe, na riƙe shi ta hammata na ce, "Baba, a daure a tashi a hankali." Yana miƙewa jiri ya kwashe shi, gwiwoyinsa suka kama rawa, ya koma ya zauna yana haki, ya dube ni ya ce, "Ɗana, waɗannan ƙafafun ba nawa ba ne." Na auna cinyarsa da tef na tarar ta zube ƙwarai idan aka kwatanta da ranar da aka kwantar da shi. Cutar da ta kawo shi ta warke, amma ba ya iya tashi daga kujera sai ya dafa da hannu biyu.

Da na koma ga littattafaina na tarar an daɗe da auna abin da na gani. A shekarar 1966, a birnin Dallas na Amurka, masu bincike sun kwantar da samari biyar lafiyayyu 'yan shekara ashirin a gado har mako uku, sannan suka gwada yawan iskar oksijin da jikinsu ke iya sarrafawa idan suna aiki iya ƙarfinsu, suka ga ya ragu da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu. Bayan shekara 30 aka sake gwada mutanen nan biyar, sai aka tarar tsufan shekara talatin bai rage musu ƙarfin zuciya da huhu kamar yadda kwanciyar mako uku ta rage ba. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: idan mutum ya daɗe a kwance ruwan jininsa yana raguwa, abin da zuciya ke turawa a kowane bugu yana yin ƙasa, tsoka tana shanyewa, ƙashi kuma yana sakin sinadarin da ke ƙarfafa shi saboda ba ya ɗaukar nauyi. Wannan ne ya sa 'yan sama jannati a tashar sararin samaniya, inda jiki ba ya ɗaukar nauyinsa, suke motsa jiki kimanin awa biyu kullum. Jiki ba ya ci gaba da ciyar da abin da aka daina amfani da shi.

Abin kunyar shi ne, ina gaya wa majinyata wannan magana da safe, da rana kuma in zauna a kan kujera awa biyar ina rubuta rahoto, in tashi in shiga mota, in isa gida in sake zama. Ban ɗauki kaina cikin masu matsalar ba sai ranar da na hau bene hawa uku tare da wata babbar ma'aikaciyar jinya da ta girme ni nesa ba kusa ba, ita tana magana ba ta ko sauya numfashi ba, ni kuwa na kasa amsa mata. A lokacin na tuna da binciken Dakta Jeremy Morris, wanda aka buga a mujallar The Lancet a 1953. Ya kwatanta direbobin manyan motocin safa masu bene na Landan da kwandastocinsu, mutanen da ke aiki a mota ɗaya na tsawon awoyi ɗaya, sai dai direba a zaune yake wuni, kwandasta kuwa yana hawa da sauka a matattakala yana karɓar kuɗi. Ciwon zuciya ya fi kama direbobin, kuma ya fi saurin kashe su. Haka ya gani tsakanin masu raba wasiƙu da ƙafa ko a keke da takwarorinsu masu zama a ofis. Da aka ce wataƙila tun asali direbobin sun fi ƙiba, sai ya koma ya duba ma'aunin ƙugun wandunan aikin da ake raba musu, ya tarar lallai direbobin sun fi teɓa, amma bambancin yana nan ko tsakanin masu ƙugu iri ɗaya.

Daga nan na yi kuskuren da nake hana wasu. Na fara gudu kullum na kusan awa guda, ba tare da share fage ba, kuma a mako na uku jijiyar ƙasan gwiwata ta kumbura, na yi wata biyu ban sake fita ba. Zuciya da huhu suna sabawa da sabon aiki cikin makonni, amma jijiyoyin da ke haɗa tsoka da ƙashi sun fi su jinkiri, shi ya sa mutum ke jin zai iya ƙarawa alhali gaɓoɓinsa ba su shirya ba. Da na warke na koma ga abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta shimfiɗa a 2020: baligi ya yi minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsi a mako, ko minti 75 zuwa 150 na mai tsanani, ya kuma ƙarfafa tsokoki aƙalla kwana biyu a mako. Matsakaicin motsi shi ne wanda numfashi zai ɗan hau amma mutum yana iya magana, kamar tafiya da sauri ko tuƙa keke. A wannan jagorar an cire tsohon sharaɗin cewa sai motsin ya kai minti goma a jere kafin a lissafa shi, kuma wannan ya sauƙaƙa mini, domin hawa bene da tafiya tsakanin ɗakunan majinyata duk sun shiga lissafi.

Batun dorewa kuwa masu ciwon suga ne suka fahimtar da ni shi. Tsoka idan tana aiki tana janye suga daga jini ko da insulin, sinadarin da ke daidaita suga a jini, bai wadata ba, kuma bayan an gama motsin jiki yana ci gaba da amsa wa insulin da kyau na kwana ɗaya ko biyu, sannan tasirin ya dusashe. Don haka wanda ya tara duk motsinsa a rana guda ya zauna sauran kwana shida ya yi asarar mafi yawan wannan ribar. Wani babban bincike na Amurka da aka buga a 2002, a kan mutane fiye da 3,000 da ke dab da kamuwa da ciwon, ya nuna cewa motsa jiki na minti 150 a mako tare da gyara cin abinci da rage ƙiba ya rage kamuwa da kashi 58 cikin ɗari, yayin da metformin, wani maganin ciwon suga, ya rage da kashi 31.

Ƙorafin da na fi ji shi ne sikeli bai motsa ba. Gaskiya ce, motsa jiki shi kaɗai ba ya sauke nauyi sosai, amma hawan jini yana ɗan sauka, barci yana gyaruwa, damuwa tana sassautawa, ko da nauyin yana nan. Wanda yake jin ciwon ƙirji, jiri ko sarƙewar numfashi idan ya motsa, shi kam ya ga likita kafin komai.

Yanzu idan zan sallami majinyaci ba na ce masa kawai ya riƙa motsa jiki, domin na ga maganar ba ta wuce ƙofar asibiti. Ina zaunar da shi a kujera marar hannu, ya harɗe hannuwansa a ƙirji, mu ƙirga sau nawa zai tashi ya zauna cikin daƙiƙa 30, in rubuta adadin a takardarsa tare da mintunan tafiyar da zai yi safe da yamma. 'Yan'uwan da a da ke hana shi tashi su nake ba aikin riƙe agogo. Dattijon nan da shi na fara wannan dabara: ranar farko bai tashi ko sau ɗaya ba sai da ya dafa gwiwa, bayan mako shida ya tashi sau goma sha ɗaya, jikarsa tana ƙirgawa da ƙarfi, shi kuma yana musu cewa ta tsallake ɗaya.