Ƙarfe Biyar Na Rufe Shago

Bana na yanke wa kaina hukunci: ƙarfe 5 na yamma nake rufe shagona a kasuwar Kejetia da ke Kumasi, ko da mai saye na tsaye da kuɗi a hannu. Maƙwabcina sai dariya, wai Alhaji ya ƙoshi. Ina fa ƙoshi! So nake in isa unguwarmu Aboabo kafin cunkoson motocin haya na trotro, in sami Magariba a masallacin unguwa, in zauna autata ta biya mini allonta, yatsa a kan baƙi, tana satar kallon kwanon tuwo.

Kuɗin susu kuwa, wato asusun da nake zubawa, sidi 20 kullum, ba na taɓa su sai lokacin kuɗin makaranta. Tafiyar ƙafa da likita ya ce in riƙa yi saboda hawan jini, wannan har yanzu ciniki muke da gwiwata.