Ziyarar Sakkwato: Hubbare, Wurno da Gwandu

Mu mutanen Kaduna kullum sunayen ƙasar Sakkwato suna bakinmu. Muna sallar Juma'a a Masallacin Sultan Bello da ke Unguwar Sarki, muna bin titin Rabah mu wuce Gidan Arewa inda Sardauna ya zauna, amma kaɗan ne cikinmu suka taɓa taka Wurno inda Muhammadu Bello yake kwance. Da goggona ta ce tana so ta ziyarci Hubbaren Shehu tun ƙafafunta na iya ɗaukarta, ni aka ɗora wa rakiya, ni kuma na ce in dai za a je, ba a cikin birni kaɗai za mu tsaya ba.

Mun hau mota a tashar Kawo bayan sallar asuba, muka bi Zariya, Funtuwa, Tsafe, Gusau, Talatar Mafara. Kowa ya san halin da wannan hanya take ciki a shekarun nan, don haka tun ana gobe tafiya na je tasha na tambayi direbobi labarinta, domin su ne ke binta kullum. Abin da suka ce shi muka yi: a tashi da wuri, a rage tsaye-tsaye, kada magariba ta riske ka a daji. Kuma da hunturu muka je. Wanda zai tafi da tsoho ya guji watan Maris da Afrilu, lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40.

Hubbare yana cikin tsohon gari, ba nisa da Masallacin Shehu da fadar Sarkin Musulmi. Nan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya ƙare rayuwarsa: ya dawo Sakkwato daga Sifawa a 1815, ya rasu a 1817, aka binne shi a gidansa. Goggo ta tuɓe takalmanta tun daga waje, ta kwance ƙullin da ke gefen mayafinta ta fito da canjin da ta daɗe tana tarawa don sadaka. Na ce, "Goggo, bi a hankali, akwai dokin ƙofa." Ta ce, "Ɗan nan, kai dai riƙe mini jaka." Ta shige gabana.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne yawan mata, tsofaffi da matasa, wasu daga ƙauyuka, wasu har daga Nijar. Wannan yana da tushe. Nana Asma'u, 'yar Shehu, kusa da mahaifinta aka binne ta, kuma ita ce ta kafa tsarin 'yan taru, inda su jaji, wato jagororin mata, kan taho da ayari daga karkara su ɗauki karatu a waƙe su koma su koyar. Goggo ta zauna kusa da wata tsohuwa Basakkwata, cikin ɗan lokaci suna ta hira kamar tare suka yi ƙuruciya, sai da na yi ta tuna mata rana ta yi.

A Kaduna mun saba da gardama kan ziyarar kabari, wani lokaci har 'yan gida ɗaya su ɓata. Ni abin da na riƙe shi ne a yi sallama, a roƙa wa mamata gafara da rahama, buƙata kuwa a kai ta ga Allah. Mutumin da ya ƙarar da rayuwarsa yana kira zuwa ga sunna ya cancanci a ziyarce shi yadda ya koyar. Kuma a riƙe ƙananan kuɗi, saboda masu jiran sadaka suna da yawa, wanda ya zo da 'yan dubu-dubu zalla zai rasa yadda zai raba.

Kafin ka fita zuwa garuruwan kewaye, ka leƙa gidan tarihi na Waziri Junaidu. Akwai rubuce-rubucen hannu da kayan yaƙi, kuma a nan labarin zai jeru maka: hijira daga Degel zuwa Gudu a 1804, yaƙin Tabkin Kwatto a wannan shekarar, faɗuwar Alkalawa a 1808, gina Sakkwato da Bello ya yi a 1809, har zuwa karon Giginya da Turawa a watan Maris na 1903.

Wurno ce ta fi zauna mini a rai. Tana arewa maso gabas da Sakkwato, a kan tudu, fadamar Rima shimfiɗe a ƙarƙashinta. Bello ya kafa ta ne a matsayin ribaɗi, garin tsaron iyaka, yana fuskantar inda hare-haren Gobirawa ke ɓullowa. Sai da na tsaya a kan tudun na dubi kwarin sannan na gane nauyin abin: Sarkin Musulmi guda, mai babban birni da shi da kansa ya gina, ya bar shi ya zo ya tare a bakin daga, a nan ajali ya same shi a 1837, a nan aka binne shi. Ban iya hana kaina tuna garuruwanmu na Birnin Gwari da Giwa ba, da irin daren da mutanensu suka sha kwana. Shugaban da yake kwana inda talakawansa ke jin tsoro, ba sai an gaya masa halin da ake ciki ba. Kuma ribaɗin ba na mayaƙa kaɗai ba ne, gari ne na noma da karatu. Har yau fadamar cike take da shinkafa, albasa da tafarnuwa. Goggo ta sayi tafarnuwa ƙunshi guda, ta yi ta juya ƙwayoyin a tafin hannunta tana cewa a Kasuwar Barci ba za ta samu irinta a wannan kuɗi ba.

Ta kudu kuma akwai Sifawa, kusa da Boɗinga, inda Shehu ya zauna yana karantarwa da rubutu bayan ƙurar yaƙi ta lafa. Ƙaramin gari ne, tsayuwa kaɗan ta isa. Daga nan muka zarce Gwandu, wadda yanzu take cikin Jihar Kebbi, muka ziyarci kabarin Malam Abdullahi, ƙanen Shehu, wanda aka ba wa riƙon yammacin daula a 1812. Sarkin Gwandu a Birnin Kebbi yake zaune yanzu, shi ya sa garin yake shiru, ba cunkoso irin na Hubbare. Tsoho zai samu wuri ya zauna ya yi addu'arsa a tsanake.

Gudu kuwa ba mu je ba. Tana can kusa da iyakar Nijar, kuma mai masaukinmu da direbanmu duk bakinsu ya zo ɗaya cewa a haƙura da ita a yanzu, muka haƙura.

Zirga-zirgar kewayen duk da shatar mota muka yi ta, da direba ɗan gari wanda mai masauki ya san gidansu. A yi ciniki tun da dare, a faɗi garuruwan da za a je ɗaya bayan ɗaya, a kuma yanke waye zai sha mai. Wurno a ware mata yininta, Sifawa da Gwandu a haɗa su a wani yinin, tunda hanyarsu ɗaya ce.