Yadda gudu ke tsawaita rayuwar ƙwayar muwon

A nisan kimanin kilomita 15 sama da doron ƙasa, ana wani karo dare da rana ba ƙaƙƙautawa. Ƙwayoyi masu tsananin gudu da ke tahowa daga can cikin sararin samaniya, waɗanda galibinsu furoton ne (ƙwayar da ake samu a tsakiyar zarra), suna afka wa ƙwayoyin zarra na iskar da ta lulluɓe duniya suna farfasa su, daga ɓaraguzan kuma ake samun wata ƙwaya da masana fiziks ke kira muwon. Carl Anderson da Seth Neddermeyer ne suka gano ta a Amurka a shekarar 1936. Kusan duk halinta irin na ilektaron ne, sai dai ta fi shi nauyi har sau 207, kuma ba ta da tsawon rai, domin idan tana zaune wuri ɗaya, matsakaicin rayuwarta kashi 2.2 ne cikin miliyan na daƙiƙa guda, daga nan sai ta tarwatse ta koma wasu ƙwayoyin.

Lissafin da ke biyo baya ɗan sakandare ma zai iya yin sa. Haske yana cin kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa, kuma babu ƙwayar da ke wuce shi. Ko da muwon ta yi gudun haske cif, a ɗan lokacin da take da shi abin da za ta ci bai fi mita 660 ba, don haka kamata ya yi kusan dukkansu su ƙare tun suna sama. Amma na'urori suna nuna cewa kimanin muwon 10,000 ne ke ratsa kowane murabba'in mita a kowane minti a daidai gaɓar teku. Wanda ya buɗe tafin hannunsa ya kalli sama da shi, kusan kowace daƙiƙa sai guda ta ratsa fata da ƙashi ta wuce, shi kuwa bai ji komai ba.

Amsar tana cikin nazarin da Albert Einstein ya wallafa a 1905, lokacin yana ma'aikaci a birnin Bern na Suwizalan. Ya nuna cewa tunda gudun haske ɗaya ne ga kowane mai aunawa, to dole ne agogon abin da ke tafiya ya riƙa jinkiri a ma'aunin wanda ke tsaye. A gudun mota ko jirgin sama jinkirin ya yi ƙanƙantar da ba wanda zai lura da shi. A rabin gudun haske yakan kai kusan kashi 15 cikin 100, amma da zarar gudu ya kai kashi 99.5 cikin 100 na gudun haske, sai lokaci ya miƙe har ninki goma.

Gwajin da ya fi gamsar da ni shi ne wanda David Frisch da James Smith suka yi a farkon shekarun 1960 a kan Dutsen Washington da ke jihar New Hampshire, mai tsayin mita 1,900 da ɗoriya. Sun jibge ƙarfe a saman na'urarsu domin su tace muwon masu gudu kusan iri ɗaya, suka ƙirga kimanin 563 a kowace awa a ƙololuwar dutsen. Tafiya daga wannan tsayi zuwa ƙasa tana ɗaukar kusan ninki uku na rayuwar muwon, saboda haka da lokaci yana tafiya daidai ga kowa, kimanin 27 kacal za su iso. Da suka sauko da na'urar kusa da gaɓar teku suka rage kaurin ƙarfen gwargwadon iskar da ta ƙaru a sama, sai suka ƙirga 412 a awa. Wannan tazara ta wuce a ɗora ta kan kuskuren na'ura, kuma ta yi daidai da jinkirin agogo na kusan ninki tara.

Akwai tambayar da ta dace a yi a nan: ita muwon, da za ta riƙe agogo, me za ta gani? Agogonta yana tafiya yadda ya saba, rayuwarta ba ta ƙaru da komai ba. A ma'auninta hanya ce ta gajarce, dutsen da muka auna mita 1,900 ya koma mita 200 da 'yan kai, wanda za ta iya ci kafin ta tarwatse. Ma'aunan biyu duk daidai ne, kuma sun haɗu a kan adadin da ya iso ƙasa. Shi ya sa nake ganin ya fi kyau malamai su fara koyar da wannan darasi da muwon maimakon labarin tagwayen da ɗayansu ya tafi sararin samaniya da tsananin gudu ya dawo ya tarar ɗan'uwansa ya fi shi tsufa, domin ɗalibi yakan ɗauki wancan a matsayin tatsuniya, wannan kuwa ƙirge ne da aka yi, kuma ana iya maimaita shi.

An maimaita ɗin kuwa. A 1977 masana a cibiyar binciken fiziks ta CERN da ke kusa da Geneva sun bayar da sakamakon juya muwon cikin zoben maganaɗisu a gudun kashi 99.94 cikin 100 na gudun haske, inda rayuwarta ta kai kashi 64 cikin miliyan na daƙiƙa, wato ninki 29, kamar yadda lissafin Einstein ya nuna. A wannan cibiya ce kuma ake da wani babban zobe mai kewayen kilomita 27, inda furoton ke zagayawa fiye da sau 11,000 a daƙiƙa, amma duk ƙarfin da aka zuba masa haske yana gabansa da kusan mita 3 a daƙiƙa, saboda idan gudu ya kusanci wannan iyaka, ƙarin ƙarfi ba ya ƙara gudun sai ɗan kaɗan.

Tunda muwon tana isowa ƙasa da ƙarfinta, kuma tana iya ratsa dutse mai kauri, an mayar da ita kayan aiki. Inda dutse ya cika takan ragu, inda akwai kogo kuma ta fi yawa. Da wannan dabara ce masu bincike suka sanar a 2017 cewa sun gano wani babban fili a cikin dalar Fir'auna Khufu da ke Giza a Masar, mai tsawon aƙalla mita 30, ba tare da sun ɗaga ko dutse ɗaya ba.