Ruwan tabki, amiba da birus ɗin da rariya ta riƙe

Ni mushen SVT ne, wato darasin kimiyyar halittu da ƙasa, a wani lise nan Damagaram, kuma shekara da shekaru abin da nake faɗa wa yara shi ne birus ta fi komai ƙanƙanta, mikiroskop ɗinmu ba ya ganinta, in ka tace ruwa da matacin da ke tare bakteri ita wucewa take yi abinta. Haka aka koya mani, haka na koyar. Sai wani dare ina latse-latsen waya na ci karo da labarin Mimivirus, wallahi ranar ban yi barci da wuri ba.

A 1992 ne wani mai bincike Timothy Rowbotham yana neman musabbabin ciwon huhu a garin Bradford na Ingila, ya ɗebo ruwa daga hasumiyar sanyaya ruwa, ya tarar da wata halitta zaune cikin amiba, wato ƙaramar halitta mai ƙwaya ɗaya da ke rayuwa a ruwa da taɓo, ya sa mata launin Gram ta kama kamar yadda bakteri ke kamawa, sai aka ce ai bakteri ce aka raɗa mata Bradfordcoccus aka aje. Sai a 2003 su Bernard La Scola da Didier Raoult a Marsey ta Faransa suka tabbatar birus ce, ita ce Mimivirus ɗin. Shekara 11 ke nan tana hannun masana da sunan da ba nata ba. Faɗinta har da gashin jikinta ya kai nanomita 750, ADN ɗinta harafi wajen miliyan 1.2, ƙwayoyin gadonta kusan 1000, alhali ta sida guda 9 kacal gare ta.

Abin da ya fi tsaya mani a rai shi ne dalilin da ya sa aka daɗe ba a gan su ba. Tun 1892 da Ivanovski ya yi aikinsa kan ciwon ganyen taba, an ɗauka birus ita ce abin da ya wuce mataci, daga baya mai ramin mikiromita 0.2, wato nanomita 200, ya zama ma'auni. To kamar mace ce tana tankaɗe, garin da ya sauka shi ake dubawa, tsakin da ya rage a rariya a watsa wa kaji. Manyan birus ɗin nan suna cikin tsakin.

Na ce to mu da Allah ya hore wa tabkuna duk damina, me zai hana in gwada? Ƙarshen damina na ɗau kwalabe shida da na dafa, na hau kabu-kabu na nufi wani tabki a bayan gari inda ake buga tubali. Wani dattijo da ke kwaɓa ƙasa ya ga na duƙa ina kwasar ruwan ƙasan har da taɓo, ya ce ɗana wannan ruwan ko jaki sai ya matsu yake sha fa. Na ce Baba ba sha zan yi ba, wasu halittu nake nema a ciki. Ya ce to Allah ya ba da sa'a, ɗebi can gindin ciyawa inda ya kwanta, ya fi kauri. Kuma gaskiyarsa, kwalbar wajen ce ta fi ba ni amiba.

Su waɗannan birus ba a samunsu sai ta hanyar mai masaukinsu, shi ya sa amiba na fara kiwo. Na zuba agar, wani abu mai daskarewa da ake kiwon ƙananan halittu a kansa, a kwanonin Petri, na shafa bakterin da zafi ya kashe don ya zama abincinsu, na ɗiga taɓon a tsakiya. Bayan kwana huɗu na leƙa, ga su nan suna jan jiki a hankali, suna miƙa ƙafa suna janyewa. Na kira ɗalibai biyu suka gani, ɗaya ta ce Mushe wai wannan a tabkinmu yake? Safar hannu dai ban yarda an cire ba, na kuma hana kowa taɓa ido, don wata irin amiba mai suna Acanthamoeba na iya cin baƙin ido ta lalata gani.

Ana nan sai wata safiya na tarar amiban kwano biyu duk sun daina motsi sun dunƙule. Gabana ya faɗi don murna, nan take na ɗauki hoto ta bakin mikiroskop na tura wa wani abokin karatuna da ke aikin labo a waje, na ce ina jin na kama. Ya ce ɗan uwa duba da kyau, bango biyu kake gani mai tamoji ko tarkace? Bango biyu ne. Ashe kuran da aka yanke kwana biyu ya sa ɗakin ya yi zafi agar ɗin ya bushe, amiban suka shige ƙwanso suna jiran sauƙi, ba mutuwa suka yi ba. In birus ce, amiba ce ke haɗiye ta da zaton abinci, ita kuma ta buɗe wata ƙofa mai siffar tauraro ta juye kayanta, ta kafa masana'anta a cikin amibar, kafin kwana ya zagayo amibar ta fashe. Abin ya yi mani ciwo sosai, amma kuskuren a fili yake, ban aje kwanon shaida ba mai amiba zalla wanda ban sa wa taɓo ba, da na aje da na ga shi ma ya dunƙule. Kuma amibata ta daji ce cakuɗe da bakteri iri-iri, masu aikin na gaske amiba tsarkakakka suke amfani da ita su zuba antibiyotik, sannan ko ta fashe sai mikiroskop na lantarki da karatun ADN sun yi shaida.

Ban samu birus ba, amma darasina na aji ya canza. Yanzu ina gaya masu akwai Pandoravirus ta 2013 mai harafi miliyan 2.5, akwai Pithovirus da aka tada a 2014 daga ƙasar Saberiya mai ƙanƙara bayan shekara 30,000, tsawonta mikiromita 1.5, har da Sputnik ta 2008, ƙaramar birus da ke kama babbar birus ta raunana ta. Duk girman nan nasu ba su da ribozom, wato injin da ƙwayar halitta ke ƙera furotin da shi, dole sai sun ari na mai masauki.

Wadda ta hana ni sakat ita ce Tupanvirus, an bayyana ta a 2018, ɗaya daga cikinsu daga tabkin kanwa ta fito a Burazil, mu kuwa kanwa a gabashinmu ake haƙo ta. Na riga na yi magana da wani direba mai bin hanyar Gure zai kawo mani taɓon tabkin kanwa, kwalaben na dafa su, wannan karon kwanonin cikin randa mai jiƙaƙƙen yashi za su kwana, biyu kuma na shaida ne.