Inda Katangar Dutsen Ta Kai

'Yan'uwa masu koyon ginin dutse, katangar da nake ɗorawa a bayan gida ta kai gwiwa, kuma ko cokali ɗaya na siminti bai shiga cikinta ba. Tsarin maginan Guédelon nake bi, can yankin Burgundi a Faransa, inda tun 1997 ake gina fada mai ganuwa irin ta ƙarni na 13 a wani tsohon wurin fasa dutse, da irin kayan aikin wancan zamani. Michel Guyot, wanda ya kawo shawarar, ya daɗe yana gyaran tsohuwar fadar Saint-Fargeau kafin ya yanke cewa a tashi sabuwa tun daga tushe, don a gane yadda na da suka yi.

Da igiya irin tasu na fitar da kusurwa. Ƙulli 13 gare ta, tazara 12 daidai wa daida. Ka haɗa ƙullin farko da na ƙarshe, ka ja ta tsam: gefe ɗaya tazara uku, na biyu huɗu, na uku biyar. Kusurwa ta fito sak, sai kafa turaku.

Kwaɓin ne ya fi cin hankalina. Farar ƙasar da aka ƙona aka jiƙa ta kwana, kwano ɗaya, yashi kwano uku. Ba ta kamawa da wuri kamar siminti, a hankali take shan iska tana taurara. Washegari in na danna babban yatsa tsakanin duwatsu, yana ɗan lotsawa, kuma haka ake so. Su a can sanyi ne abokin gaba, shi ya sa aikin ke tsayawa lokacin ƙanƙara. Mu namu hunturu ne, yana zuƙe ruwan kafin kwaɓin ya kama, sai ya rududduge a hannu. Don haka na lulluɓe katangar da buhunan algarara, ina yayyafa musu ruwa safe da yamma. Don Allah kada ku raina wannan.

Fuska biyu nake ɗorawa, tsakiya ina cikawa da ɓaraguzan dutse da kwaɓi, nan da can in gitta dogon dutse ya ɗaure su. Sahu biyu a rana ya isa, in an ƙara na ƙasa zai motsa.

Abin da ke gabana yanzu bakan ƙofa ne. Na ba kafinta awon katakon da zai tallafe duwatsun har a sa na tsakiya. Wanda ya taɓa cire irin wannan katako, ya gaya mini tsawon lokacin da ya bari kafin ya sassauta shi.