Daga Finiks zuwa Prescott, rakiyar mai neman ƙaramar bindiga

Ana sallame sallar asuba muka ɗauki babbar hanya mai lamba 17, muka nufi arewa. A jihar Arizona ta Amurka, wanda bai yi sammako ba rana ce za ta hukunta shi. Yayana ne ke tuƙi. Ya daɗe da zama ɗan ƙasa a can, kuma kwanan nan abokan aikinsa suka ja shi cikin wasan harbin takarda, har ya ƙudura sayen tasa bindigar. Ni kuwa ɗan rakiya ne kawai, don dokar tarayyarsu ta hana wanda ya shigo da bizar ziyara riƙe bindiga ko harsashi, sai da wasu sharuɗɗa kamar lasisin farauta. Hakan ma ya yi mini daidai.

Ba mu yi nisa da barin gari ba muka ratse zuwa filin harbi na Ben Avery, wanda hukumar kula da namun daji da kifi ta jihar ke gudanarwa. Fili ne fetal a gindin duwatsu, ga itatuwan saguwaro masu ƙaya tsaye ƙiƙam. Abin da ya fara ɗaure mini kai shi ne mutanen: tsofaffi, mata, uba da ɗansa, kowa da abin toshe kunne da tabarau. Mu da muka fito daga inda ƙarar bindiga ke nufin a kwashi yara a shiga daji, sai da gabana ya faɗi. Da jami'in filin ya yi shelar a tsagaita, kowa ya zare gidan harsashi, ya bar bindigarsa a buɗe kan tebur, ya ja da baya. Ba wanda ya sake kusantar tebur har aka dawo daga sauya takardu.

Wani dattijo abokin Yaya ne ya kawo bindigogi uku don a gwada: Ruger Mark IV, Browning Buck Mark da Smith & Wesson SW22 Victory. Dukkansu harsashi ɗaya suke ci, wanda ake kira .22 LR. Dattijon ya ɗaga guda ya nuna mini. Bai kai tsawon ɗan yatsana ƙarami ba, kaurin dalmarsa milimita 5.6 ne, nauyinta bai cika giram 3 ba. Ya juya gindinsa, babu ɗan maɓallin nan da ake gani a tsakiyar manyan harsasai. Sinadarin da ke kunna albarushin yana cikin leɓen kwanson ne, a zagaye, allurar bindiga kuwa gefen take sara. Na tsinci kwanso ɗaya a ƙasa, ga ɗan tabon saran a bakinsa. Tun 1887 ake ƙera wannan harsashi, kuma da shi ake gasar ƙaramar bindiga ta mita 25 a wasannin Olamfik. Arharsa da rashin tunkuɗe hannu ne suka sa masu koyo ke farawa da shi. Ƙanƙantarsa dai ba ta hana shi kisa, dattijon ya maimaita mana wannan har ya gundure mu.

Yaya ya zo da ra'ayinsa tun daga gida. Ya sha karatu a intanet, Buck Mark yake so, saboda kowa na yabon laushin kunamarta. Ya harba, ya ce lallai kunamar ba ta gardama. Victory kuwa ta zauna daram saboda nauyi, amma kafin ya ƙare harsasai goman da ke cikinta hancinta ya fara rawa a hannunsa. Da ya ɗauki Ruger sai ya yamutsa fuska, wai mariƙinta ya kwanta da yawa, sai ya karya wuyan hannu kafin ya daidaita saiti. Dattijon ya ce akwai samfurinta mai suna 22/45 wanda mariƙinsa ya fi miƙewa, ya jarraba shi a kanti kafin ya yanke hukunci.

Sai aka zo maganar da ba ta cikin lissafin Yaya, wato wanki. Wannan harsashi yana da datti, yana barin toka da kakin zuma a ciki, kuma in an bar shi ya taru bindiga ta dinga cijewa. Dattijon ya danna maɓalli ɗaya a bayan Ruger, ya ɗaga samanta ya cire, ya zaro abin da ke ciki, ko sukuddireba bai taɓa ba. Ya ce tsofaffin samfuran, waɗanda asalinsu ke komawa 1949, sun sha sa mutane zufa wajen mayarwa, sai a 2016 aka fito da wannan gyara. Sauran biyun sai an kwance noti.

"Ƙanena, me ka gani?" in ji Yaya.

"Yaya, kai da motarka ke wata biyu ba wanki? Ɗauki mai maɓallin."

Ya harare ni, dattijon ya nemi a fassara masa, da ya ji ya yi ta dariya.

Muka koma kan hanya wajen hantsi. Daga Black Canyon City mota ta fara hawa, kunnuwana suka toshe, saguwaron suka yi ta raguwa har suka ɓace. A hanya Yaya ke ba ni labarin yadda sayen yake: a kantin mai lasisi sai ka kai shekara 21, ka cike fom mai lamba 4473, a bincika tarihinka kafin a miƙa maka. Na ce masa a Najeriya dokar makamai ta 1959 ta sa irin wannan bindiga cikin haramtattu, lasisinta sai daga shugaban ƙasa, don haka kada ma ya yi mafarkin zuwa da ita Kano hutun Sallah.

A Cordes Junction muka karya kan hanya mai lamba 69. Prescott na da nisan kusan kilomita 160 daga Finiks, a kan tudu mai tsawon mita 1,600 da ɗoriya, iskarta da sanyi-sanyi. Nan ne hedikwatar yankin Arizona a 1864, kuma nan kamfanin Ruger ke da masana'anta a gefen filin jirgin sama. Mun ci abinci a dandalin tsohuwar kotu, ƙarƙashin manyan bishiyoyi, sannan muka shiga wani kanti. Aka fito wa Yaya da 22/45 ba harsashi, ya riƙe, ya miƙa hannu, ya rufe ido ya buɗe, ya ga saitin na nan inda ya bar shi. Ya tambayi farashi, ya tambayi na akwatin ƙarfe mai makulli saboda yaransa, ya haɗa lissafi a waya, ya ce wa mai kantin sai albashi ya shigo.